Littattafan Ƙanwata a Hannun Mai Ƙosai

Ni mace ce mai mantuwa, 'ya'yana ma sun gaji da ni. Sai in ajiye makullin shago in yi ta faɗa a kan an ɗauka, alhali yana ɗaure a gefen zanena. Amma akwai abu guda da na tabbata ko tsufa ya gama da hankalina ba zan manta da shi ba, shi ne abin da na yi wa littattafan ƙanwata da hannuna, kwana talatin bayan ta rasu. Shekaru sun shige, waɗanda suka san maganar sun daina tayar da ita don kada su ɓata mini rai, ni kuwa ban taɓa ajiye ta ba.

Mu biyu ne mata a wurin Mma, mahaifiyarmu, ni ce babba, na ba ƙanwata shekara tara. Tun da wuri na bar makaranta na bi Mma kasuwar Nima, har yau a can nake sayar da kwanoni da tukwane. Ita kuwa auta karatu ya karɓe ta. Ta gama na nan Accra, aka ɗauke ta ƙasar waje ta yi shekaru, sannan ta dawo da digirin nan da ake kiran mai shi dakta. Tana da halin kama gida a unguwar manya, amma ta ce ita ɗakinta na gidanmu ya ishe ta, ta koma cikinsa da akwatunan takardu.

Washegarin dawowarta tsofaffin layinmu suka cika ƙofar ɗakin, mai ciwon gwiwa da mai hawan jini da wadda ta zo da ledar magunguna a karanta mata. Ta yi ta ba su haƙuri tana cewa ita ba likitar duba marasa lafiya ba ce, bincike take yi. Wata tsohuwa ta ƙare mata kallo ta ce da Hausar tsofaffinmu da ba ta raba mace da namiji, "To in ba ka allura, ba ka ba da magani, dakta na mene ne kai?" Kowa ya yi dariya, amma tawa ta fi ta kowa ƙarfi. Da na ji ta ce a can waje wani lokaci a jikin ɓeraye suke gwaji, sai na laƙaba mata Daktar Ɓeraye, sunan ya bi ta har cikin dangi. Ni dai Allah ya yi ni da baki, kuma a lokacin ina ganin wasa nake yi.

Aikinta a kan kansar nono yake, ciwon dajin nan da ke kama mata. Abin da ya dame ta shi ne yadda yake kama matanmu da sauran ƙuruciyarsu, kuma in ya zo yana zuwa da zafi fiye da yadda ta gani a inda ta yi karatu. Tana son ta gano dalili a cikin ƙwayoyin jiki waɗanda ido ba ya gani. Don haka in za a yi wa mace aiki a asibiti, takan roƙe ta ta yarda a ba ta ɗan guntu daga ƙullutun da aka cire, a sa a 'yar kwalba, a ajiye a firiza a wurin aikinsu. A Zango kuwa, wato unguwanninmu na Hausawa, wannan ciwo ba a faɗarsa. Mace sai ta ɗaure ƙirjinta da ɗankwali ta yi shekara tana fama, ko wadda suke cin abinci a kwano ɗaya ba ta sani ba. Matan sun yarda da ita ne don 'yar gida ce, sun san uwarta, sun ga tasowarta, kuma ta yi musu alkawarin maganar ba za ta fita ba. Bayan aikin takan bi su gida kamar mai zuwa gaisuwa, ta ji yadda jiki yake, ta rubuta.

Duk wannan daga baya na san shi. A lokacin abin da nake gani kawai shi ne mace ta wuce shekara talatin tana zaune cikin takardu, in an kira ta biki ta ce tana da rubutu.

Wata ranar Lahadi ina wanki a tsakar gida ta fito da waya a hannu, fuskarta fal murna. Ta ce, "Yaya, an karɓi takardata, za a buga!" Na ce a wace jarida, mu saya mu ga hotonki? Ta yi dariya ta ce ba irin wannan ba ce, mujalla ce da masu bincike kawai suke karantawa, kuma babu hoto. Ta jawo kujera ta zauna kusa da ni tana nuna mini jerin rubuce-rubucenta a wayar, kowanne da lamba a gefensa. Ta ce lambar tana nuna sau nawa wasu masana suka ambaci aikin a cikin nasu rubutun, kuma da wannan ake gane ko aikin mutum ya amfani wasu. Ta kira mini sunayen ƙasashen da aka ambace ta, tana faɗa tana kallon fuskata. Na leƙa wayar, hannuna duk kumfa, na ce, "To madalla. An san ki a ƙasashen da ba mu taɓa zuwa ba, amma a Nima ko ciwon kai ba a kawo miki. Miƙo mini bokitin can." Ta miƙo mini, ta sa wayar a aljihu ta koma ɗaki. Mma ta ɗaga murya daga ciki ta ce, "Kai dai bakinka ba ya da kyau koraa, ko kaɗan. Bar shi ya yi aikin shi." Daga ranar ba ta sake nuna mini ba, ni kuma ban taɓa tambaya ba.

Ta rasu a hatsarin mota a hanyar Kumasi, da rana tsaka, tana dawowa daga wani taro. Ba zan tsaya a kan wannan ba, don har yanzu ba na iya faɗarsa hawaye bai zo ba.

Aka yi addu'ar uku, aka yi ta bakwai, aka fara shirin ta arba'in. Dangi za su zo daga Kumasi da Tamale da Lome, kuma gidanmu ba wani babba ba ne, dole a buɗe ɗakinta a sauki baƙi. Mma ba ta iya ko kallon ƙofar, don haka aikin ya faɗo kaina. Dama ni ce mai sharar gida, ba na son tarkace, kuma a lokacin in ban sa hannuna a wani aiki ba ji nake zan haukace. Na fitar da tufafinta da takalma aka raba sadaka kamar yadda aka saba. Saura takardu.

A gidajenmu takarda iri biyu ce. Wadda ke da rubutun Arabiyya ba ta taɓa ƙasa, ana ɗaga ta sama, in ta tsufa a kai wa malam ya san yadda zai yi da ita. Ta boko kuwa in mai ita ya gama da ita, ta masu ƙosai ce da masu gyaɗa da masu suya, su ƙunshe wa mutane abinci. Haka muka taso muka gani. Littattafan makarantarmu duk a can suka ƙare, ba wanda ya taɓa ganin laifi a ciki, hasali ma taimako ne ga mai sana'a. Na ware Alƙur'aninta da littattafan addu'a na ɗora a kan kabad. Sauran tulin takardu ne bugun inji, da wasu manyan littattafai guda huɗu masu baƙin bango mai tauri. Na ga boko a jikin bangon, ko buɗewa ban yi ba. Na zuba duka a babban buhu, na ɗauka da kaina na kai wa Hajiyar da ke suyar ƙosai a bakin layinmu, na ce ta karɓa sadaka ce, ladan ya kai wa mai su. Ta yi wa ƙanwata addu'a mai tsawo, na dawo gida ina jin na yi abin kirki.

Kwana biyu bayan addu'ar arba'in wata mata ta yi sallama da hantsi. Abokiyar aikin ƙanwata ce, Kirista, 'yar ƙabilar Ga, ta ɗan girme ni. Na gane ta, don ta zo gaisuwa tun ranar farko da aron mayafi a kanta. Ba ta jin Hausa, da yaren Twi da Turanci muka yi magana. Muka zauna a tsakar gida ni da Mma da Kawu, ƙanin Mma, wanda yake koyar da littattafan addini a New Town kuma bai riga ya koma ba.

Ta fito da wasu takardu a cikin jaka ta miƙa wa Mma da hannu biyu. Ta ce, "Maa, na kawo miki wannan ne ki ajiye. Jerin duk abin da 'yarki ta rubuta ne, da jerin waɗanda suka ambace ta." Shafi na farko nata ne, sauran shafukan duk sunayen baƙi ne, a jere har ƙasa. Mma ta juya su ta juya, ba ta iya karatun boko, ta ce a tambayi matar su waye waɗannan, kuma me ya sa suke kiran sunan 'yarta. Matar ta ce a aikinsu ba ya halatta mutum ya ɗauki abin da wani ya gano ya yi gini a kai ba tare da ya rubuta daga wa ya samo ba. Duk wanda yake cikin jerin nan, a wani wuri a duniya ya zo yin nasa binciken ya tarar sai ya bi ta kan nata. Ta ce ga mai bincike da shekarunta, kuma daga ƙasa irin tamu inda kayan aiki suke wuya, ba ƙaramin abu ba ne, har ma bayan rasuwarta jerin ƙaruwa yake yi.

Kawu ya karɓi takardun ya ɗaga tabarau ya daɗe yana dubawa. Can ya ce, "Ashe su ma suna da isnadi." Ya juya wajen Mma ya ce, "Yaya, abin da muke yi ne a zaure. In na karantar da littafi sai na ce na karɓa daga malam wane, shi ma daga wane, har sama. Yarinyar nan ta shiga cikin malaman da ake kira. Ilimin da aka bari ana amfana da shi kuwa, kin san ladansa ba ya yankewa." Mma ta rungume takardun ta fashe da kuka. Ni kuwa bokitin nan na tuna, kunya ta kama ni har na kasa ɗaga kai.

Sai matar ta gyara zama ta ce akwai wata magana. Ta ce tun ranar gaisuwa take son ta yi ta, amma aka gaya mata a Zango ba a taɓa kayan mamaci sai an yi arba'in, shi ya sa ta jira. Akwai littattafai huɗu masu baƙin bango da ƙanwata ta kawo gida don ta juye abin da ke ciki a kwamfuta, kwamfutar kuma tana tare da ita a motar, ba a sami komai a cikinta ba. Ta ce kwalaben da ke firiza lamba ce kawai a jikinsu. Labarin kowace lamba yana cikin littattafan nan da rubutun hannunta, shekarun matar, haihuwa nawa ta yi, yaushe ciwon ya fara, wane magani aka ba ta, ya karɓe ta ko bai karɓa ba. Aikin shekaru ne, kuma shi ne babban aikinta wanda ba a riga an buga ba. In babu littattafan, abin da ke firiza guntun nama ne kawai, ba zai gaya wa kowa komai ba.

Mma ta ce, "Tashi ka ɗauko mishi mana." Na buɗe baki da ƙyar na ce na ba mai ƙosai. Matar ba ta fahimta ba sai da Kawu ya maimaita mata da Turanci, na ga ta dafe ƙirji ta rufe ido. Ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga murya ba, tambaya ɗaya ta yi, yau kwana nawa? Na ce sha biyu.

Daga gidanmu zuwa gidan Hajiya tafiyar minti biyar ce, amma ban taɓa yin doguwar tafiya irinta ba. Ina tafe ina kallon kwata, duk takardar da na gani a yashe da maiƙo a jiki sai in ji kamar in tsuguna in ɗauka. Kwana sha biyu Hajiya tana suya kowace safiya, layinmu kaf a wurinta ake saye, mu ma a wurinta muke saye. Muka same ta a tsakar gida ta tashi daga suya tana surfa waken gobe. Na gaishe ta a tsaitsaye na ce, "Hajiya, takardun nan da na kawo miki, suna nan?"

Ta ce, "Ei, ɗiyana, wanda inji ya buga ai ya ƙare tuni. Takarda mai kyau paa, sosai, ba ya shan mai."

Na fassara wa matar. Ta ce waɗannan ba komai, an riga an buga su, suna ko'ina a duniya, ko an ƙone na gidanmu ba su ɓata ba. Littattafan fa?

Hajiya ta goge hannu a zane ta shiga ɗaki. Muna jin ta jawo kujera ta taka. Ta fito da wani ƙunshi a cikin farin ɗankwali ta ajiye a kan tabarma ta kwance. Littattafai uku ne, ko ƙura babu a jikinsu. Matar ta durƙusa ta buɗe na farko tana shafa shafukan, hawaye na zubo mata. Sai a lokacin na ga cikinsu. Rubutun ƙanwata ne, ƙanana a tsare, kuma a saman kowane shafi, kafin lamba, ta rubuta bisimilla da Arabiyya.

Hajiya ta ce, "Da na buɗe na ga sunan Allah a kan kowane shafi, na ce kai, wannan ba a sa mishi ƙosai. Na so in zo in tambaye ka, amma kuna cikin zaman makoki, na ji nauyi."

Na ce, "Hajiya, huɗu ne."

Ta sake komawa ɗaki, ta fito da wani tsohon gwangwanin madara ta miƙo mini. Ta ce, "Kafra, yi haƙuri, ɗiyana. Na farkon na riga na taɓa shi. Takarda ya yanke mini wata safiya, mutane na tsaye. Sai na sa reza na yanke kan shi inda sunan Allah yake na ajiye, na ƙunsa da sauran. Da na gama littafin ɗaya zuciyana bai kwanta ba. Na ce mutumin da ya fara kowane shafi da sunan Allah ba wasa yake yi ba. Shi ne na ɗaga sauran sama."

Na buɗe gwangwanin. Siraran takardu ne a jere, kowacce faɗin yatsa biyu, an yanke su da kyau an ɗaure da zare. A jikin kowacce akwai bisimilla, akwai lamba, daga nan sai inda reza ta bi. Na zauna a ƙasa a tsakar gidan mutane na yi kukan da ban yi ba ko ranar da aka kawo gawarta. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta buɗe littafin ta duba kafin ta taɓa shi, ni da muka fito ciki ɗaya da mai shi ban buɗe ba. Hajiya tana ta ba ni haƙuri kamar ita ce mai laifi, na ce ta daina, laifin nawa ne ni kaɗai.

A hanyar komawa matar ta ce lambobin nan ma wani abu ne. A ofishinsu akwai takardun da kowace mace ta sa hannu ko ta dangwala yatsa lokacin da ta yarda, suna kulle, kuma a jikinsu akwai suna da lamba. In shugabanninsu sun ba da izini, za a iya gano matan da ke cikin littafin da ya salwanta, a koma a sake tambayarsu. Amma ita baƙuwa ce a Zango, ba wadda za ta buɗe mata ƙofa a kan irin wannan magana. Ta tsaya ta dube ni. Na ce zan je. An ɗauki watanni kafin izinin ya fito, aka sa ni na sa hannu a kan ba zan faɗi sunan kowa ba, kuma har in mutu ba zan faɗa ba.

Kusan shekara guda muka yi muna yawo, duk ranar Asabar na bar shago a hannun 'yata. Nima, Maamobi, Alajo, New Town, wani gidan sai mun shiga trotro, motar haya, har biyu. Na shiga ɗakunan matan da nake gani kullum a kasuwa, wasu a wurina suke sayen tukunya, ban taɓa sanin abin da ke ƙarƙashin mayafinsu ba. Sai mace ta tura yara waje, ta saki labule, sannan ta fara magana ƙasa-ƙasa. Kusan kowacce sai ta ba ni labarin ƙanwata kafin ta ba ni nata. Wata ta ce ita ta raka ta asibiti ranar da za a yi mata aiki don ba ta gaya wa kowa a gida ba. Wata ta ce in ta zo takan zauna a bakin gado ta ci tuwo da ita kafin ta ciro littafi. A ɗakunan nan na san ƙanwata, bayan ƙasa ta rufe ta. Wasu kuma suka ce da ita suka yi alkawari ba da mu ba, suka sallame mu a ƙofa, kuma ban ga laifinsu ba.

Gidan da ya fi tsaya mini a rai yana Maamobi, bayan babbar kwata. Muka yi sallama wani dattijo ya fito, na ce wajen maiɗakinsa muka zo. Ya ce ai ta rasu wata bakwai ke nan. Muka yi masa gaisuwa, ya kawo mana benci da ruwa. Na tambaya a hankali ko ta yi jinya. Ya ce, "Zazzaɓi ne kawai ya dinga damun shi, yana ramewa. Mun yi na asibiti, mun yi na gida. Kwana ne ya ƙare." Na dubi abokiyar tafiyata, ta girgiza mini kai kaɗan. Matar nan ta ɓoye ciwonta har ga mijinta, mutum ɗaya ta gaya wa a duniya, aka rubuta a shafi ɗaya, ni kuma na kai shafin bakin kasko. Ba mu da ikon tona abin da ta rufe. Muka ce dama gaisuwa ce ta kawo mu, muka yi addu'a muka tashi. Ya rako mu har bakin hanya yana godiya da muka tuna da ita. Irin wannan gida ba ɗaya muka shiga ba.

Daga baya an buga aikin. Abokiyar aikinta ta kawo mana shi har gida, sunan ƙanwata ne a farko, da 'yar alama a gefe mai nuna ta rasu. Ta ce ya fito da kyau, masana sun karɓe shi, kuma ya zo ya fi duk sauran rubuce-rubucenta yawan ambato. Na tambaye ta gaskiya tsakaninta da Allah, da littafin nan na huɗu yana nan, da aikin ya fi haka? Ta ce e. Ta ce akwai wata tambaya da ƙanwata ta fi son ta amsa, amma matan da suka rage ba su kai yawan da za a iya yanke magana a kanta ba, dole aka bar ta a buɗe. Na gode mata da ba ta yi mini ƙarya don ta faranta mini ba.

Har yanzu duk bayan 'yan watanni takan turo mini saƙo ta ce an sake ambaton ƙanwata a wuri kaza. Lokacin da Mma take da rai nakan gaya mata, ta ɗaga hannu ta ce Allah ya kai mata ladan. Ni ma ina jin daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma duk sanda saƙon ya shigo, waɗanda nake tunawa su ne matan da suka ba da naman jikinsu da sirrinsu don a taimaki wasu, kwalabensu suna nan a firiza da lamba a jiki, ba za su taɓa shiga lissafin kowa ba, kuma ni ce sanadi.

Abin da na koya bai da yawa, amma na saye shi da tsada. Rashin sanin amfanin abu a wurina ba ya nufin abin ba shi da amfani, kuma wanda yake kusa da kai shi ya fi sauƙin rainawa. Yanzu in an yi rasuwa a layinmu aka kira ni gyaran ɗakin mamaci, ba na bari a fitar da takarda ko ɗaya sai na buɗe ta na duba, in ban gane ba a nemo wanda zai gane. Mata suna cewa na cika jan aiki, wasu har tsaki suke yi. Ni dai sai in jawo kujera in zauna in ci gaba da buɗewa.